Gizo-gizo a Cikin Gida: Shin Yana da Haɗari ga Lafiyar Iyali?

Da wuya a sami gidan da babu gizo-gizo, ko a kusurwar rufin ɗaki, ko a bayan sif, ko a lungun madafa. Mutane da yawa da zarar sun gan shi sai su ɗauko tsintsiya ko maganin feshi. Idan kuma yaro ya wayi gari da ƙuraje masu ruwa a wuya ko a fuska, sai a ce tautau ne ya yi masa fitsari. A wannan bayani za ku ga abin da gizo-gizo ke yi a gida, da ainihin abubuwan da ke kawo irin waɗannan ƙuraje, da lokacin da ya kamata ku je asibiti.

Me gizo-gizo ke yi a ɗakunanku?

Masana sun tantance nau'in gizo-gizo sama da 50,000 a duniya, kuma 'yan kaɗan ne daga cikinsu dafinsu ke iya kwantar da mutum. Gizo-gizo ba ya shan jini kamar sauro ko kuɗin cizo, ba ya cin abincinku kamar kyankyaso, kuma ba a san wata cuta da yake ɗauka daga wani mutum ya kai wa wani ba. Abincinsa ƙwari ne: ƙuda, sauro, ƙananan kyankyasai da sauransu. Dafinsa na kama su ne. Ba ya cizon mutum sai an danne shi, misali a cikin takalmi ko rigar da aka daɗe ba a sa ba.

A yankin Tafkin Biktoriya da ke Kenya da Yuganda ma akwai wani ƙaramin gizo-gizo mai tsalle, wanda ya fi son cin macen sauron da ta ƙoshi da jini, wato irin wadda ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Wannan ba ya nufin gizo-gizo zai maye muku gurbin gidan sauro. Ku ci gaba da kwana cikin gidan sauro mai magani. Abin lura shi ne, wanda kuke kashewa da takalmi yana farautar waɗanda suke sa ku rashin lafiya.

Idan ba fitsarin tautau ba ne, mene ne?

Gizo-gizo ba ya yin fitsarin da ke ƙona fata. Yawancin abin da ake ɗora masa ɗaya ne daga cikin abubuwa uku, kuma kowanne maganinsa daban.

Na farko, wani siririn ƙwaro ne mai launin baƙi da ja-ja, tsawonsa bai wuce santimita 1 ba. Yana yawaita da damina, musamman kusa da fadama da gonakin shinkafa, kuma hasken fitila na jawo shi ɗaki da dare. Ba ya cizo, amma idan aka murje shi a jiki, ruwan cikinsa na ƙona fata. Bayan kwana 1 ko 2 sai wurin ya yi ja, ya taso da ruwa kamar ƙunar wuta, sau da yawa a miƙe kamar an ja layi. Idan kun gan shi a jikinku, ku hure shi, kada ku murje. Idan an riga an murje, a wanke wurin da hannuwa da sabulu nan take, kada a taɓa ido.

Na biyu, cutar da likitoci ke kira zosta. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiyar mutum tun yana yaro, ta farka bayan shekaru. Takan fara da zafi ko raɗaɗi, sannan ƙuraje masu ruwa su fito a jere a gefe ɗaya na jiki, ba sa tsallakawa ɗaya gefen. Maganinta ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Wanda ya zauna yana shafa toka ko man goge baki, yana cewa tautau ne, ya yi asarar wannan lokaci. Idan ta fito kusa da ido tana iya lalata gani. Idan kuma ta fito wa matashi, likita zai so ya duba abin da ya raunana garkuwar jikinsa, har da gwajin ƙanjamau.

Na uku, maruru ko ƙurjin da ƙwayoyin bakteriya suka haddasa. Shi yakan kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya. Wani lokaci sai an tsaga shi a asibiti. Mai ciwon suga kada ya yi wasa da shi.

Idan da gaske gizo-gizo ya ciji mutum fa?

Galibi abin ba ya wuce ɗan ja da kumburi da ƙaiƙayi, kuma yakan wuce cikin 'yan kwanaki. A wanke da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a sha farasitamol idan akwai zafi. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya.

Akwai wani nau'i a Afirka da ya kamata ku gane: mai launin ƙasa-ƙasa, cikinsa a dunƙule, da tambari mai ruwan lemo a ƙarƙashin cikin. Yakan ɓuya a ƙasan kujeru, tsofaffin tayoyi da tarin itace. Cizonsa yana da zafi.

Ku garzaya asibiti idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- murɗawar ciki ko ƙullewar tsokoki, da gumi mai yawa
- wahalar numfashi, ko kumburin fuska da leɓɓa
- zazzaɓi, ko jan wurin yana ƙara faɗi
- tsakiyar wurin ya yi baƙi ko ya zama gyambo
- ƙaramin yaro ne, kuma ya ƙi daina kuka ko ya galabaita

Haɗarin da ya fi gizo-gizo

Abin da ake fesawa don kashe shi ya fi shi illa. Fiya-fiya da makamantansa an yi su ne don gona, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan amfani da su a cikin gida. Shaƙarsu a rufaffen ɗaki na kawo dalalar miyau, amai, sarƙewar numfashi, har da mutuwa, musamman ga jarirai da masu asma. Haka kuma, kada ku toshe rauni da yanar gizo don tsayar da jini. Tana ɗauke da ƙura da datti, kuma hakan na iya jawo cutar tetanus.

Yadda za ku zauna da shi lafiya

- Ku share yanar da ke saman gado, wurin wasan yara da wurin abinci. Ta can lungun zaure ko rumbu, ku ƙyale ta.
- Idan kun ga babba a ɗaki, ku kife masa kofi, ku zura kwali a ƙasa, ku kai shi waje.
- Ku kakkaɓe takalmi da tufafi kafin sawa. Wannan zai kare ku har daga kunama.
- Ku rufe abinci, ku zubar da shara, ku sa raga a tagogi. Inda ƙwari suka ragu, gizo-gizo ma zai ragu.

Yaran da suka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba sai an koya musu tsoron wanda ke bango ba. Ku koya musu su kalle shi, kada su kama shi da hannu. Duk ƙurjin da ya fito ba ku ga abin da ya yi cizon ba, kada ku yanke masa hukunci a gida. Ku kai shi likita ya duba.