Kafin Ka Zargi Filas Ɗinka

Ka tsaya wajen masu tura fina-finai, layi ya yi tsawo, koren zaren da ke kan allo yana tafiyar hawainiya. Mai shago ya yi tsaki ya ce, “Alhaji, filas ɗin nan naka ne ba shi da kyau.” Wataƙila da gaskiyarsa, domin jabu sun cika kasuwa. Amma sau da yawa laifin na kwamfutarsa ne.

Duba ramin da ya soka filas ɗin. Mai baƙin harshe galibi USB 2.0 ne, fasahar shekarar 2000. A takarda gudunsa megabit 480 ne a daƙiƙa, kuma a nan ake yi wa mutane wayo: bit takwas ne ke yin bait ɗaya, wato megabait 60 ke nan, a aikace ma da ƙyar yake haura 35. Mai shuɗin harshe shi ne USB 3.0 na 2008, wanda a takarda ya ninka wancan kusan sau goma. Ka soka sabon filas a tsohon rami, gudun tsohon za ka samu.

Sai direba. Ba na mota ba, wata ƙaramar manhaja ce da ke koya wa Windows yadda zai yi magana da na'urar da ke sarrafa faifan ajiya da ramukan. Mai gyara ya ɗora maka Windows 7 cikin gaggawa, ya karɓi kuɗinsa, ya sallame ka. Bai gaya maka cewa Windows 7 ba ya zuwa da direban USB 3.0 ba, sai daga Windows 8 aka fara haɗawa da shi. Shuɗin ramin nan ko dai ya ƙi aiki ƙememe, ko ya koma gudun baƙin ramin. Na sha ganin an sayi sabon filas saboda wannan, alhali tsohon garau yake.

Direba kuwa, a ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo. Shafukan da ke yi maka alƙawarin sabunta duk direbobinka da latsawa ɗaya, garin neman gira za ka rasa ido, don wasunsu ƙwayar cuta suke shigowa da ita.

In kuma wani gwani ya ce ka shiga BIOS, wato wurin saitin kwamfutar, ka sauya saitin faifan ajiya daga IDE zuwa AHCI don ƙarin gudu, shawarar ba laifi, amma kafin a ɗora Windows ake yi. Ka taɓa shi bayan an ɗora ba tare da shiri ba, shuɗin allo ne zai tare ka, kwamfutar ta ƙi tashi.