Wane Sharlo ne na gaskiya? Gardamar ƴan kallo a kan tsofaffin fina-finan ban dariya

Tun shekara ta 1997 da faifan DVD ya fara bazuwa a kasuwannin Amurka, sa'an nan ya ƙetaro Turai, kamfanonin sinima suka tsiro da wata sabuwar sana'a. Sukan tattara fina-finan mutum guda, su jera faya-fayan cikin kwali ɗaya mai ƙawa, su haɗa da ɗan littafin bayani, su kai kanti. Cikin abin da aka fi yi wa wannan gata akwai tsofaffin fina-finan ban dariya, irin na Sharlo, da na Lorel da Hardi, da na Buster Keaton, da na Fernandel da Louis de Funès. Mutum zai zaci wanda ya sayi kwalin dariya ba ya da abin ƙorafi. To, ba haka zancen yake ba. Masu sayen waɗannan kwalaye suna cikin ƴan kallo mafiya gardama, kuma gardamar tasu ta cancanci a saurare ta, domin a ƙarƙashinta akwai tambaya mai nauyi: fim ɗin da ke cikin kwalin, shi ne wanda mutanen da suka gani, ko kuwa wani abu ne dabam da aka laƙa wa tsohon suna?

Inda gardamar ta fi zafi shi ne a kan Sharlo, watau Charlie Chaplin, wanda aka haifa a Landan a 1889, ya rasu a ƙasar Suwis a 1977. Sunansa ya shiga bakin Hausawa tun da daɗewa, har a wasu wurare ana kiran mai ban dariya a fim da sunan cali-cali. A 1925 ya fitar da La Ruée vers l'or, labarin rububin zinariya cikin dusar ƙanƙarar arewacin Amurka. A nan ne yunwa ta sa ya dafa takalminsa, ya zauna ya ci shi da cokali mai yatsu cikin natsuwa kamar wanda aka kawo wa gasasshen rago. Fim ne marar magana, sai rubutu da ke fitowa jefi-jefi tsakanin hotuna.

A 1942, bayan sinima mai magana ta ci kasuwa, Sharlo da kansa ya koma wa fim ɗin. Ya cire rubutun, ya sa muryarsa tana ba da labari, ya tsara masa kiɗa, ya datse shi har ya dawo wajen minti 72. Bai tsaya nan ba. A fim ɗin farko, wasiƙar soyayya da yarinyar ta rubuta, ga wani namiji ta aika ta, shi kuma ya miƙa wa Sharlo don ya yi masa ba'a; a na biyu an gyara abin ya zama Sharlo ta rubuta wa. Sumbar da ke rufe fim ɗin 1925 ita ma an cire ta. Ke nan fim biyu ne masu suna ɗaya, kuma mutum ɗaya ya yi su.

Wani rukuni na ƴan kallo sun tsaya a kan cewa mai abu shi ya fi sanin abinsa: tun da Sharlo ya zaɓi na 1942, kuma shi ne iyalinsa suka riƙe a matsayin na ƙarshe, ba wanda ya isa ya ja. Ɗaya rukunin na cewa dattijon da ya haura hamsin ya yi wa saurayin da ya yi fim ɗin katsalandan. A ganinsu muryar da aka ɗora tana gaya wa mai kallo abin da idonsa ya riga ya gani, kuma tana kashe tausayin da ke sa dariyar ta yi daɗi. Ni kam ina tare da waɗannan na biyu. Wanda ake yi wa ba'a da wasiƙar da ba tasa ba, shi kuwa yana murna, ya fi shiga rai bisa ga wanda aka rubuta wa da gaske. Allah ya sa wasu masana biyu na Ingila, Kevin Brownlow da David Gill, suka sake haɗa na 1925 a shekara ta 1993, kuma kwalin da kamfanin MK2 na Faransa ya fitar a 2003 ya zo da duka biyun. Wannan shi ne adalci: a aje wa mai kallo kwarya biyu, ya ɗanɗana da bakinsa. Haka Sharlo ya yi wa Le Kid, fim ɗin 1921 na yaron da aka tsinta: a 1971 ya rage wuraren da ke nuna uwar yaron, ya sa kiɗa.

Ƙorafin da aka fi ji ya shafi kwalaye masu araha. Fina-finan farko na Sharlo da wasu na Keaton haƙƙin mallakarsu ya faɗi, saboda haka kowane ɗan kasuwa na iya buga su. Da yawa sukan ɗauko kwafin da aka yi daga wani kwafi, shi ma daga wani, har fuskoki su yi fari fat kamar an barbaɗa musu gari, a ɗora kiɗan da ba ya da dangantaka da abin da ke faruwa. Ga kuma maganar sauri. A zamanin sinima marar magana da hannu ake juya na'urar ɗaukar hoto, galibi hoto 16 zuwa 20 cikin sakan guda. Da magana ta shigo aka tsayar da 24. In an haska tsohon fim da wannan ma'auni ba tare da gyara ba, sai mutane su riƙa zabura kamar fara cikin kasko. Yawancin waɗanda ke cewa fina-finan da shirme ne, wannan lalataccen kwafi suka gani. Wanda ya ga aikin da ma'ajiyar fina-finai ta Bolonya a Italiya da kamfanin Lobster na Paris suka yi tare da abokan aikinsu, inda a 2010 suka fitar da kwalin fina-finan Sharlo na 1914 fiye da 30 bayan sun bi ma'ajiyoyin ƙasashe da dama suna tsintar gutsattsari, ya san bambancin ya kai na tsohon tsumma da sabuwar shadda.

Akwai dalilin da ya sa ake wannan wahala. Ledar da ake ɗaukar fim a kanta kafin shekarun 1950 tana ruɓewa da kanta, kuma tana kama wuta kamar fetur. Wani bincike da babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya wallafa a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finai marasa magana na ƙasar sun ɓace ɗungum. Wani lokaci kuma abin da aka fidda rai da shi yakan ɓullo. Lorel da Hardi sun yi wani gajeren fim a 1927 inda unguwa guda ta kaure da jifar juna da kek mai kirim. Shekara da shekaru ƴan mintoci kaɗai aka sani na wannan faɗa, sai a 2015 aka gano naɗi na biyu na fim ɗin cikin kayan wani mai tara tsofaffin fina-finai. Murna ga masoya, amma duk wanda ya riga ya sayi kwalin da aka rubuta wa «cikakke» sai ya sake kwance lalitarsa. Wannan ma suna kuka da shi, kuma kukan nasu na bisa hanya.

Zancen launi ya fi sauƙin yankewa. A shekarun 1980 wasu kamfanonin Amurka suka fara shafa wa fina-finan baƙi da fari launi da kwamfuta, na Lorel da Hardi na cikin na farko. A Faransa La Vache et le Prisonnier, fim ɗin 1959 inda Fernandel ya tsere daga hannun Jamusawa yana jan saniya, ya samu launi a 1990. Iyaye da dama sun ce sai haka ƴaƴansu suka yarda suka kalla. Masu yin fim kuwa suka ce ɓarna ce, kuma a 1991 babbar kotun Faransa ta ba magadan John Huston gaskiya a kan wani fim nasa da aka yi wa launi ba da izni ba.

Ga Louis de Funès kuma, tsakanin masu sharhi a jarida da jama'a ne aka raba gari. Masu sharhi sun daɗe suna ganinsa mai yawan yatsine da hargowa. Jama'a ba su saurare su ba. La Grande Vadrouille, wanda ya yi da Bourvil a 1966, ya sayar da tikiti fiye da miliyan 17 a Faransa, kuma ba wani fim na Faransa da ya wuce shi sai a 2008. Sai a 1980, shekara 3 kafin rasuwarsa, aka ba shi lambar girmamawa ta César. Keaton ya ga akasin haka ta wata fuska: fim ɗinsa na jirgin ƙasa na 1926 bai ci kasuwa ba da ya fito, amma a 1989 yana cikin fina-finai 25 na farko da Amurka ta sa cikin rajistar kayan tarihinta. Ashe ra'ayin ƴan kallo shi ma yakan tsufa, wani lokaci kuma ya yi sabon toho.

Abin da masoyan de Funès ke jayayya a kai shi ne kwalin jandarma, mai fim 6 daga 1964 zuwa 1982. Wasu na son a ba su duka, domin wanda ke son mutum yana son ganin ƙuruciyarsa da tsufansa. Wasu na cewa an haɗa musu tsaba da ƙaiƙayi a mudu ɗaya, an karɓi kuɗin tsaba. Gaskiya ne bayan ciwon zuciyar da ya same shi a 1975 zafin namansa ya ragu, kuma na ƙarshen ba su kai na farko ba.

A matsayina na mai aikin fassara, akwai abin da ke ɗaukar hankalina a nan. A 1930 da 1931 Lorel da Hardi sun sake yin wasu fina-finansu da Faransanci da Sifaniyanci da Jamusanci, suna karanta kalmomin da ba su san ma'anarsu ba daga allo. Gwarancinsu ya ba Faransawa dariya ƙwarai, har daga baya masu ara musu murya suka ci gaba da kwaikwayon harshen Bature ɗan Ingila. Yau in kwali ya zo da muryoyinsu na asali kaɗai, sai masu saye a Faransa su ce an cuce su. Fassarar ta zama ita ce asali a kunnensu. A wurinmu kuwa, ga wanda ya yi yaƙi da jahilci da Hausa bai yi lakol ba, rabin barkwancin de Funès na cikin magana ne, zai wuce shi. Sharlo da Keaton kam ba su bukatar tafinta.

Mu ma muna da namu tsofaffin. Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda Jean Rouch ya yi tare da Damure Zika da Lam Ibrahim Diya da Tallu Muzuran, labarin mai fataucin kaji ne da tsohuwar motarsa da ake ƙetarawa da ita kogin Kwara ta dabaru iri-iri. Marigayi Mustafa Alasan, wanda ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, ya yi wa masu kwaikwayon kaboyi dariya a Le Retour d'un aventurier a 1966, sa'an nan a 1972 ya yi wa ma'aikata masu kwaɗayin mata da gida da mota da kuɗi ba'a a F.V.V.A. Fina-finan Rouch, wanda ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, a Paris aka jera su cikin kwali. Ya kamata cibiyar al'adu ta Umaru Ganda a Yamai da gidajen matasa na Maraɗi da Damagaram da Tawa su mallaki kwafi masu kyau, su riƙa haskawa, domin fim ɗin da ke kan intanet yau mai shi na iya janye shi gobe, alhali faifan da ke cikin ma'aji yana nan.

Ma'aikacin da ya je aiki waje ya yi niyyar sayo kwali, ya duba bayansa kafin ya biya. An raba duniya shiyya-shiyya wajen faifan DVD: Amurka ta arewa lamba 1, Turai lamba 2, yawancin Afirka lamba 5, kuma na'urar da aka kulle a kan wata shiyya ba ta karanta faifan wata. Faifan Blu-ray, wanda ya fito a 2006, ya sa Turai da Afirka cikin shiyya guda, mai harafin B. Ya kuma duba ko an rubuta shekarar da aka gyara fim ɗin da sunan ma'ajiyar da ta yi aikin, in kuma na Sharlo ne na rububin zinariya, ya tabbata akwai na 1925 a ciki.