Shaye-shaye a Haɗeja: Wa ke horar da masu yi wa matasanmu magani?

Bari na yi maka tambaya, ka amsa wa kanka tsakani da Allah. A ce yau ƙaninka ya same ka bayan sallar isha'i ya ce, "Yaya, na gaji da ƙwayar nan, ina so na daina amma na kasa." Ina za ka kai shi? Kemis ɗin bakin layi? Wajen malam? Babban asibitin Haɗeja? Ko ku nemi kuɗin mota ku nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau a Kano? To a ce kun isa. Wanda zai zauna da shi ɗin, yaushe rabonsa da zuwa bita a kan yadda ake jinyar mai shaye-shaye?

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ba mu cika yi ba. A Facebook da TikTok mun iya zagin 'yan ƙwaya, mun iya kiran gwamnati ta gina gidan gyaran hali, mun iya raba bidiyon kamen NDLEA. Amma mutumin da zai zauna gaba da gaba da yaron nan, mako bayan mako, har ya dawo hayyacinsa, ba wanda ke tambayar abin da ya sani da wanda ya koya masa.

Girman abin da muke magana a kai

A 2017 Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalaben kodin sama da miliyan 3 kullum a jihohin Kano da Jigawa. A 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan maganin tari mai kodin, kuma a farkon watan Mayun shekarar gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi. A farkon 2019 aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi shaye-shaye a shekarar da ta gabaci binciken. Ɗaya cikin huɗu mace ce. Ɗaya cikin biyar kuma abin ya riga ya zama masa ciwo, yana buƙatar jinya.

A nan ƙasar Haɗeja ka san yadda abin yake shigowa. Wani ya fara da tiramol ne don ya jure wuni a gonar shinkafa ko alkama a fadama. Wani ɗan acaba ne, wani mai lodi ne a kasuwar kifi. Wata kuma damuwar gidan aure ce ta hana ta barci, ƙawa ta miƙo mata rochi. Ga ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma, Guri da sauransu. Ga fashewar tankar mai a Majiya, kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, a Oktoban 2024, wadda ta kashe sama da mutum 150. An yi jana'iza, an raba tallafi, amma waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan, kuma irin wannan firgicin na daga cikin abin da ke tura mutum neman abin da zai gusar masa da tunani.

Likitocin ba za su ishe mu ba

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa yawansu bai kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Yawancinsu suna manyan birane, wasu kuma kullum haɗa jakar ficewa suke zuwa Ingila ko Saudiyya. In muka ce sai kowace ƙaramar hukuma cikin takwas ɗin masarautar Haɗeja ta samu nata likitan ƙwaƙwalwa, to jikokinmu ne za su gani.

Waɗanda muke da su a hannu su ne nas-nas, da ma'aikatan lafiya na matakin farko irin waɗanda kwalejin koyon aikin lafiya ta Jahun ke yayewa, da jami'an NDLEA masu ba da shawara, da malaman makaranta masu kula da tarbiyya, da limamai da malaman ruƙiyya. Wajensu ake fara zuwa, ko an horar da su ko ba a horar da su ba. Da yawansu suna da niyya mai kyau. Matsalar ita ce niyya ba ta gaya maka abin da za ka yi in yaro ya fara jijjiga a gabanka.

Abin da horo ke ƙara wa mutum

Ɗauki maganar dainawa. Mu a unguwa abin da muka sani shi ne a kulle shi a ɗaki "har ta fita daga jikinsa". Wanda aka horar ya san ƙwaya suna ta tara. Wanda ya daɗe yana shan rochi ko diazepam, in aka yanke masa lokaci guda, yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Shi a hankali ake rage masa, ƙarƙashin kulawar asibiti. Mai tiramol ko kodin zai sha ciwon jiki, zufa, gudawa da rashin barci na kwanaki, kuma akwai magungunan da ke sauƙaƙa masa.

Akwai wani abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Wanda ya yi wata biyu bai sha ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba. In ya koma ya afa adadin da, numfashinsa na iya tsayawa. Shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga gidan gyaran hali ko gidan yari suke da hatsari sosai. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai gargaɗi iyali kan wannan kafin sallama, kuma ya san akwai maganin gaggawa mai suna naloxone da ke farfaɗo da numfashin wanda ƙwayoyi irin su tiramol ko kodin suka yi wa yawa.

Sai kuma yadda ake magana. Tun 1983 wani masani ɗan Amurka, William Miller, ya fito da salon hira da mai shaye-shaye wanda babu faɗa ko gori a ciki. Maimakon "kai ba ka jin kunya?", sai a tambaye shi me ƙwayar ke yi masa, me kuma take ƙwace masa, a bar shi ya faɗi dalilin dainawa da bakinsa. A ji kamar abu ne mai sauƙi, amma gwada yin minti goma kana sauraron mutum ba ka yi masa wa'azi ba, ka ga. Koyonsa ake yi, a maimaita, a gyara maka.

Mai horo ya kuma san cewa komawa ruwa bayan an daina wani ɓangare ne na ciwon, kamar yadda hawan jini ke sake tashi. Ya san sau da yawa akwai ciwon damuwa ko firgici a ƙarƙashin shaye-shayen, in ba a taɓa shi ba aikin banza aka yi. Ya san sirrin majinyaci amana ne. A gari irin namu da kowa ya san kowa, tsoron tonon asiri kaɗai ya isa ya hana budurwa ko matar aure zuwa asibiti.

In babu wannan ilimin, sarƙa da bulala ne ke cike gurbin. Ba mu manta da Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sasari a ƙafa, sannan aka samu irinsa a Daura bayan 'yan makonni. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, don ba su ga wata ƙofar ba.

Me ya sa kwas ɗaya ba ya isa

Ƙwaya canza riga take yi. An hana kodin, kasuwa ta karkata ga tiramol. An matsa wa tiramol, sai ga wasu ƙwayoyin daga Indiya masu haɗin tapentadol da carisoprodol, waɗanda binciken BBC ya bankaɗo a Fabrairun 2025 har Indiya ta haramta haɗa su. Ga akuskura, ga sholisho, ga haɗe-haɗen da matasa ke yi da lemon kwalba. Wanda ya tsaya a kan abin da ya karanta shekara goma da suka wuce, yana jinyar abin da ba shi ake sha yanzu ba.

A takarda tsarin yana nan. Hukumar likitoci ba ta sabunta lasisi sai da shaidar ƙaro ilimi, haka ma hukumar nas-nas da ungozoma. Akwai makarantun ƙwarewa a jinyar ƙwaƙwalwa ga nas, irin ta asibitin Barnawa a Kaduna. Akwai manhajar horar da masu jinyar shaye-shaye ta duniya da ake kira UTC, wadda ake koyarwa a Najeriya. A Janairun 2023 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci. Abin tambaya shi ne nawa daga cikin wannan ke isowa ga ma'aikacin da ke ƙaramin asibitin Birniwa ko Kaugama.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, kalmar "bita" ta yi ƙaurin suna a wajenmu. Kwana biyu a otal, jaka da biro, alawus, hoto, shi ke nan. Horon da ke aiki shi ne wanda ake bin sa da bibiya: ƙwararre ya riƙa zama da ma'aikaci duk wata, ko da ta waya ne, su duba majinyatan da suka gagare shi. Wannan zaman yana kare shi kansa ma'aikacin, don mai wuni yana jin baƙin cikin mutane shi ma yana buƙatar wanda zai saurare shi.

An gwada, kuma ya yi

A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen ƙauye tare da danginsu suna zuwa asibiti, kuma ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP don koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba gane ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya da shaye-shaye, da sanin lokacin da za su tura mutum gaba.

Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci gwaji a Ibadan da Kumasi ta Ghana, inda aka horar da ma'aikatan lafiya da masu maganin gargajiya da na addini su yi aiki tare. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya nuna majinyatan da aka haɗa musu hannu biyun sun fi samun sauƙi. A Zimbabwe kuwa, Dakta Dixon Chibanda kakanni mata ya horar, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfanin hakan.

Ka kwatanta da nan gida. Muna da majalisa a kowace unguwa, muna da malaman Islamiyya, muna da ungozoma da uwayen ƙungiyoyi da ake kai wa kuka. Ba wanda ya ce malam ya bar addu'a. A koya masa alamomin da in ya gani zai ce, "Wannan ku kai shi asibiti yau, addu'a kuma muna yi."

To, kai fa?

In za ka kai wani jinya, kana da haƙƙin tambaya. Wane horo mai kula da shi ya samu? Akwai likita ko nas da ke duba su? Ana duka ko ɗauri? Za a bar dangi su ziyarta? Wane shiri ake yi masa bayan sallama? Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin. NDLEA ma tana da layin kira kyauta dare da rana, 080010203040, inda ake haɗa mutum da masu ba da shawara ba sai ya faɗi sunansa ba.

In kai ɗalibin aikin lafiya ne, ko ke ɗalibar jinya ce, wannan fage ne da ke neman mutane ido rufe. Littafin mhGAP kyauta ne a intanet, haka ma kwas ɗin QualityRights na Hukumar Lafiya ta Duniya. Datar da kake ƙonawa a dare ɗaya ta isa ka sauke su. Sai dai ka sani, satifiket ɗin intanet bai mayar da kai likita ba. Yana koya maka sauraro ne da sanin iyakarka. Haka ma ka yi hattara da masu kiran kansu ƙwararru a TikTok suna sayar da "maganin daina ƙwaya cikin kwana uku".

In kuma abin da kake da shi waya ce da mabiya, to ka canza tambayar da kake yi wa 'yan siyasa. In ɗan majalisa ya zo da alƙawarin gina cibiyar gyaran hali, ka tambaye shi ma'aikata nawa za a horar, wa zai riƙa bibiyarsu, kuma nawa aka ware wa hakan a kasafin kuɗi. Ƙungiyoyin ɗaliban Haɗeja da ke shirya taron wayar da kai duk hutu za su iya haɗa kuɗin rumfa da kujeru na shekara ɗaya su ɗauki nauyin kwas ɗin nas guda, da sharaɗin ya dawo gida ya yi aiki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da wani naka zai buɗe baki ya ce yana so ya daina, wataƙila sau ɗaya zai iya faɗa. Allah ya sa wanda zai tarar a ranar ya san abin da zai yi da shi.