Tricastin: yadda ake sanar da jama'a idan burbushin nukiliya ya taɓa ma'aikata

Ranar 23 ga watan Yulin 2008, na'urorin gargaɗi suka yi ƙara a sashe na 4 na tashar nukiliyar Tricastin da ke kudancin Faransa. An tsayar da sashen ne domin gyara, kuma a lokacin da ma'aikata suka buɗe wani bututu sai ƙura mai ɗauke da sinadarin kobal 58 ta bazu cikin ginin. Aka fitar da kowa, aka auna su. Kusan mutum 100 aka samu da burbushin a jikinsu, wasu ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na EDF ne, wasu kuma na 'yan kwangila.

Sanarwar da EDF ya fitar ta ce abin da ya shiga jikin mutanen bai wuce kashi ɗaya cikin 40 na iyakar da doka ta yarda a shekara ba. Hukumar kula da tsaron nukiliya ta Faransa, ASN, ta ajiye lamarin a mataki na 0. A takarda magana ta ƙare ke nan. Amma mazauna yankin da yawa ba su gamsu ba, kuma dalilin ya samo asali ne makonni biyu kafin wannan rana.

Da farko, me alƙaluman ke nufi? Akwai bambanci tsakanin mutumin da tururin nukiliya ya ratsa shi daga waje, kamar wanda aka ɗauki hoton ƙirjinsa a asibiti, da wanda ƙurar kanta ta hau jikinsa. Na farko yana matsawa daga wurin abin ya tsaya. Na biyu yana tafiya da ita: idan a fata ko tufafi take, wanka da sauya kaya sun wadatar, idan ya shaƙe ta ko ya haɗiye, za ta ci gaba da aiki a cikinsa har jiki ya fitar da ita ko ƙarfinta ya ragu da kansa. Ƙarfin kobal 58 yana raguwa da rabi duk bayan kwana 71. Ana auna abin da jiki ya ɗauka da ma'aunin milisibat. Iyakar ma'aikacin nukiliya a Faransa 20 ne a shekara, na sauran jama'a 1. Kashi ɗaya cikin 40 na 20 rabin milisibat ke nan, alhali matsakaicin abin da ɗan Adam ke samu daga ƙasa da iska da abinci a duniya ya kai 2.4 a shekara. Ta fuskar lafiya dai kaɗan ne.

Shi kuwa matakin, daga ma'aunin INES ya fito, wanda hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta shigo da shi a 1990, daga 0 zuwa 7. Chernobyl a 1986 da Fukushima a 2011 ne kawai suka kai 7. An ƙirƙire shi ne domin 'yan jarida da jama'a su gane girman abu nan take. Sai dai lambar 0 a kunnen matar da mijinta ya dawo gida bayan an auna shi ba ta nufin abin da take nufi a wurin injiniya. Ita tambayarta daban ce: yaya aka yi mutum ɗari suka shaƙi ƙurar da bai kamata ta fita daga bututu ba? Ƙungiyar CRIIRAD mai bincike mai zaman kansa ta soki yadda ake raina irin waɗannan lamura, tana jaddada cewa iyakar doka ba ita ce iyakar da haɗari ke farawa ba.

Abin da ya ɓata ruwa tun farko ya faru ne a daren 7 zuwa 8 ga Yuli, a masana'antar Socatri, reshen kamfanin Areva, a cikin harabar Tricastin ɗin. Wani tanki ya cika ya tumbatsa, ruwa mai yuraniyom ya malala, wani sashe ya shiga ƙoramun Gaffière da Lauzon. Ba a sanar da ASN ba sai da gari ya waye, jama'a kuma sai da rana ta yi nisa suka ji cewa an hana kamun kifi da wanka da shayar da gonaki da ruwan. Da farko aka ce kilo 360 na yuraniyom ne, daga baya aka dawo da shi 74. Ko da gyaran ya zo da labari mai sauƙi, wanda ya ji lamba biyu a kan abu ɗaya ba ya saurin yarda da ta uku. Kwana goma bayan nan aka gano wani bututun yuraniyom da ya fashe a wata masana'antar Areva da ke Romans-sur-Isère. Saboda haka lokacin da labarin ma'aikata 100 ya fito, kunnuwa sun riga sun gaji da jin "babu haɗari".

Abin mamaki, Faransa tana da dokar bayyana gaskiya kan harkar nukiliya tun watan Yunin 2006. Dokar ta wajabta sanar da hukuma ba tare da jinkiri ba, ta kuma tanadi kwamitin sanarwa a kusa da kowace tasha, inda zaɓaɓɓun yankin da ƙungiyoyi da wakilan ƙwadago ke zama su yi wa kamfani tambayoyi. A kan jinkirin ne, tare da gurɓata ruwa, kotun ɗaukaka ƙara ta Nîmes ta ci tarar Socatri yuro dubu 300 a 2011. Masu gonakin inabi na yankin ba su jira kotu ba: a 2010 suka sauya sunan giyarsu daga Coteaux du Tricastin zuwa Grignan-les-Adhémar, don sunan ya daina sayuwa.

Tricastin ba baƙon wuri ba ne ga Nijar. Shekaru da dama a baya, garin yuraniyom da ake haƙowa a Arlit da Akokan yakan bi ta Kwatano zuwa Malvési kusa da Narbonne, daga can a kai shi Tricastin a ƙarasa sarrafa shi. CRIIRAD ɗin nan ma ta je Arlit a ƙarshen 2003 bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man, ta kuma ba da rahoton samun ƙarafa masu tururi a kasuwar garin, irin waɗanda ake saye a yi rufi ko kayan girki. Ma'aikacin ma'adini a can shi ma yana ɗaure da ƙaramar na'urar awo a jikinsa, kuma ƙorafin da tsofaffin ma'aikata suka daɗe suna yi, musamman bayan rufe COMINAK a watan Maris na 2021, shi ne a ba su cikakken bayanin abin da aka auna a jikinsu, a kuma ci gaba da duba lafiyarsu bayan sun bar aiki.