Ƙawar Gida Daga Iska Take Farawa

Duk kakar da rake da tumatir suka yi daraja, sababbin gidaje kan tashi a Makarfi, Kudan da Ikara. Na shiga da dama daga cikinsu: silin POP, tayil mai sheƙi, labule har ƙasa. Amma da zarar an ɗauke wuta a watan Afrilu, sai maigida ya kwashi baƙinsa zuwa gindin bishiya.

Magabatanmu ba haka suka fahimci ƙawa ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim (1834–1846), da tubali da azara ya yi aikinsa. Bakan gizo ya ɗaga rufi, iska ta samu wurin zagayawa, kaurin bango kuma ya tare zafi. Adon ma daga jikin ginin ya fito.

Kirana ga masu tsara cikin gida a yau shi ne su fara tambaya: ta ina iska za ta shigo? Ina baƙo zai tsaya ba tare da ya keta sirrin iyali ba? In an amsa waɗannan, sai a zo batun fitilu da kujeru.