Kasuwar Duwatsu a Agege da Ojoo

Baƙon da ya sauka a Agege yana cigiyar 'yan goro, ƙaramin yaro ma zai yi masa jagora. Mai neman shanu ko nama, a nuna masa hanyar Oko-Oba inda babbar mayanka take. Amma wanda ya ce duwatsu masu daraja yake nema, tomalin ko safaya ko akwamarin, sai an dube shi sama da ƙasa tukuna, a tambaye shi wa ya turo shi. Babu layin 'yan dutse a Agege, babu rumfa mai allo a ƙofa. Kasuwar tana ci kullum, sai dai a aljihun 'yar-shara take kwana, ƙunshe cikin farar takarda an ɗaure da roba, kuma ba a kwance ta sai a zauren wanda aka sani.

Abin da kowa ke iya gani shi ne tiren zobba. Ranar Juma'a, tun kafin kiran sallah, masu tire sun jeru a bakin masallatan Isale Oja da wajajen Markaz, kusa da masu turare da hula da carbi. Zobban azurfa ne an kafa su cikin soso, wani da jan akik, wani da fairuz, wani da baƙin dutse mai sheƙi. Maza ke saye, tunda shari'a ta hana namiji zinare ta bar masa azurfa, kuma an ruwaito cewa zoben Annabi (SAW) na azurfa ne. Galibin kayan nan daga waje suke, Saudiyya da Dubai da Indiya da Sin, da yawa kuma kwalba ce aka rina. Mai tire na kirki ba ya ɓoyewa. In ka matsa da tambaya zai ce, “Wannan na ado ne, Alhaji, na gaske yana nan,” ya shafa aljihu.

Sana'ar dutse ta daɗe a hannun Bahaushe. Tun kafin zuwan Bature fatake ke ɗauko jan dutsen lantana daga can saman kogin Kwara su kai Ilori, inda ake goga shi a huda, ya zama abin wuyan manyan Yarbawa. Alhazai na dawowa daga Makka da akik ɗin Khambhat, garin nan na Indiya da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana sarrafa shi. A ƙarni na 19 mutanen Idar-Oberstein a Jamus suka lura da cinikin da ke wannan nahiya, suka shiga fere akik ɗin Barazil daidai da fasalin da Buzaye da sauran mutanen Afirka ke so. Tsakiya da murjanin da kakanninmu mata ke ɓoyo a ƙasan kwalla, wasu sahara suka keto, wasu teku.

Ita Agege goro ne ya kafa mata zango. Gonakin goro da koko sun cika yankin a farkon ƙarni na 20, layin dogo ya haɗe Ikko da Kano a 1912, fatake suka sauka har suka yi gida. Da su tsarin maigida ya zo. Baƙo ya sauka wurinsa, ya ba shi makwanci da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, in kuma an ba da kaya bashi shi ke tsayawa. Tsarin da ya riƙe cinikin goro da shanu a Agege da unguwar Sabo ta Badun, shi ke riƙe da cinikin dutse yau, har ma bukatarsa ta fi a nan. Huhun goro ba ya ɓuya, amma dutsen da zai sayi gida yana iya shiga kwalin ashana, don haka kowa na son ya san gidan da baƙo ya kwana. Ga kuma filin jirgin sama na Murtala Muhammed nan kusa a Ikeja, ta inda kaya ke fita.

Da hantsi ake duba dutse, a hasken rana, domin ƙwan lantarki yana yi wa launi ƙarya. Akwai wani dattijo Bakatsine da nake zama a zaurensa. Da an kawo kaya sai ya jawo tabarma bakin ƙofa ya shimfiɗa farin ƙyalle. Kayan aikinsa kaɗan ne: ƙaramin sikeli mai batir, siririyar tocila, madubin ido mai ninka abu sau goma, hantsaki, da ɗan kofin ruwa. Rannan wani saurayi ya zo da tomalin daga wajajen Keffi. Dattijon ya zazzage, ya baza da ɗan yatsa, ya ware uku, ya ture sauran gefe bai ce uffan ba. Ya tsoma mafi girma a ruwa, saboda ruwa na rufe kaushin bayan dutse a ga cikinsa, sannan ya ɗora shi a bakin tocila yana jujjuyawa. Ta gefe kore ne shar. Da ya leƙa ta tsawonsa kuwa sai ga shi ya yi duhu.

“Ɗana, wannan a rufe yake. In an yanka baƙi zai fito.”

“Baba, a dai ƙara dubawa. Tas yake, ko tsaga ɗaya babu.”

“Na ga tsabtarsa. Ruwansa nake magana. Nawa ka sa giram?”

Yaron ya faɗi kuɗi, dattijon ya taya ƙasa da rabi, aka ce albarka. Aka sha shayi, aka yi hirar hanya da ta damina, aka sake komawa. Ba a sallama ba sai bayan azahar, kuma wani ɗan ƙarami mai ruwan hoda, wanda dattijon ya yi kamar bai damu da shi ba, shi ya ɗauki kuɗin ƙunshin gaba ɗaya. Haka cinikin yake. Mai saye saboda ƙwaya ɗaya ko biyu yake kwasar tari, mai kaya kuma ba ya yarda a tsince masa na kirki a bar shi da tsakuwa. Dillalin da ya kawo yaron yana gefe tun safe yana sassauta wannan yana lallashin wancan, la'adarsa ta fito daga baya.

Ɗanyen dutse da giram ake auna shi, yankakke da karat, karat biyar ne giram ɗaya. Wurin yanka kashi biyu cikin uku na nauyin kan tafi a ƙura, wani lokaci fiye. Shi ya sa mai saye ke kallon siffa kamar yadda yake kallon launi: dunƙulallen dutse ya fi falle-falle kuɗi ko da nauyinsu ɗaya.

Uwar kasuwar tana Badun, a Ojoo, bakin hanyar Oyo da Ilori. Tun da sabon jirgin ƙasa ya fara aiki a 2021, mutum na iya hawa a tashar Agege da safe, ya sauka Moniya, ya shiga Ojoo kafin azahar. A can kunne zai ji Hausa da Yarbanci da Fulatanci da Faransanci a wuri ɗaya, domin mutanen Mali da Gini da Senegal da Gambiya sun daɗe cikin harkar, wasunsu ma sun riga mu sanin hanyar Bankok. Abin da ya ɗaga sunan Badun shi ne jan tomalin da aka tono a jihar Oyo a 1998, mai yawa mai tsabta, har manyan kasuwannin duniya suka waiwayo. Ba a jima ba sai ga ganet mai ruwan lemo daga yankin Iseyin. Wajen 2001 kuma aka sami shuɗin tomalin mai ɗauke da tagulla, irin wanda kafin nan a Barazil kaɗai aka san shi, kuma yana cikin mafi tsadar duwatsu masu launi a duniya. Garuruwa irin su Komu da Ofiki suka cika da masu haƙa daga Arewa.

Jos ta girmi Ojoo a sana'ar, tun daga aikin kuza mutanenta suka saba da tofas da akwamarin. Zumurrudu na fitowa daga Nasarawa Eggon da Gwantu, tomalin daga Keffi da Ijero ta Ekiti, safaya daga kudancin Kaduna da tsaunin Mambila a Taraba, inda wajen 2014 aka yi tururuwa zuwa Mayo Sina saboda wani shuɗi mai haske da masana na waje suka yaba. Duk waɗannan hanyoyi suna gangarowa kudu, kuma mai tafe da kayan sau da yawa Hausa yake ji.

Wanda ba a gani a zaure ko a Ojoo shi ne na cikin loto. Shi ke shiga rami da diga da tocila a goshi, a ƙasar da damina kan jiƙa ta rufta. Wani mai kuɗi ne ke ɗaukar nauyinsa, ya ba shi abinci da kayan aiki, da sharaɗin in an dace shi za a fara yi wa tayi. Ana iya wata da watanni ba a ga komai ba, bashi na hawa. Ranar da aka ci karo da dutse kuwa, mai haƙa bai san farashinsa a Badun ba, balle a Bankok. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinan ƙasa, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ce sai da lasisi ake haƙa da saye, sai da takarda ake fitarwa. Masu bin ƙa'ida suna nan, amma abin da ke fita a aljihu ba lissafi shi ma yana nan, kuma a wannan ɓoyon talakan cikin rami ne ke fara cutuwa, tunda ba shi da inda zai kai ƙara.

Babban abin da ke damuna shi ne ɗanye muke sayarwa. Dutsen Mambila sai ya je Chanthaburi a Tailan, inda ake gasa safaya a murhu mai tsananin zafi don launinta ya washe, kuma kasuwar duwatsu ke ci daga Juma'a zuwa Lahadi, 'yan Afirka na zaune cikinta. Zumurrudu ya nufi Jaipur a Indiya. Na musamman ya tafi Idar-Oberstein, ko baje kolin Tucson a Amurka da ake yi farkon kowace shekara. A can ake yanka shi, a goge, a ba shi takardar shaida, a ɗora kan zinare. Kowane mataki da ribarsa, kuma duk a bayan iyakarmu take faɗowa.

Jabu ma yana yawo. Tun 1902 wani Bafaranshe mai suna Verneuil ya bayyana hanyar ƙera yaƙutu a masana'anta, yau kuma irin wannan na da arha ƙwarai. Maha'inta kan farfasa shi, ko ma fasasshiyar kwalba, su goga da laka ya yi kamar yanzu aka tono. Tsofaffin hannu suna ɗora dutse a kumatu, domin kwalba tana saurin ɗaukar ɗumi, dutse kuwa yana jimawa da sanyinsa. Suna kuma neman 'yan ƙwayoyin iska da madubi, alamar kwalba ke nan. Na masana'anta dai ya fi ƙarfin kumatu, ba a rasa wanda ya taɓa zuba jarinsa a kai.

A dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ina koyar da lissafi a darasin hutun da ake shirya wa yaran unguwa. Masu hali a Ikoyi da Lekki kan tura nasu sansanin hutu a Ingila ko Amurka. Namu rabin yini a aji suke, rabi a gindin kayan iyayensu. Akwai yaron da lissafin kashi-kashi ke ba shi wuya a allo, amma in ka ce masa giram uku da rabi karat nawa ne, kafin ka rufe baki ya ce sha bakwai da rabi. Ganin haka na aro wasu duwatsu da sikeli wurin dattijon na kai aji. Muka karce kwalba da farin ƙanƙaran dutse ta yi zane, muka karce shi da tofas shi ma ya yi, na nuna musu ma'aunin tauri da Mohs ya tsara a 1812, inda daimon ke 10, safaya 9, tofas 8. Sannan muka auna kowane dutse, muka rataye shi da zare cikin kofin ruwa a kan sikeli, muka raba nauyin farko da na biyu. Tofas ya ba da kusan 3.5, safaya kusan 4. Yaran da ke gudun rabawa sai ga su suna rige-rigen riƙe zare. Kashegari 'yan mata suka zo da duwatsun wuyan iyayensu ƙunshe a bakin hijabi, kowace na son a auna nata.

Ido da hannu ba su ne matsalarmu ba. Mai ɗinkin hula da maƙerin azurfa suna da natsuwar da yankan dutse ke bukata, injin kuma tebur ɗaya ya ishe shi, sai ruwa da wuta. Akwai 'yan tsirarun masu yanka a Jos da Legas, akwai cibiyar nazarin ma'adinai ta tarayya a Jos, gwamnatin Buhari kuma ta ware wa Badun aikin kasuwar duwatsu ta zamani, ta ware wa Kano ta zinare. Gini kaɗai ba zai koya wa kowa yanka ba, sai an sami malami da yaro a gaban inji.

Na kai wa dattijon wannan magana, bai yi saurin yarda ba.

“Malam, mutanen waje ɗanye suke so, ba su amince da yankanmu ba. Dutse kuma in an ɓata shi ba a mayarwa. Wa zai ba ɗan koyo safaya?”

Na ce ai da masu arha ake farawa, amatis da ganet da farin tofas, irin waɗanda yake turewa gefe kullum. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce yana da su gwangwani-gwangwani a ƙarƙashin gado, duk wanda ya kawo inji da malami shi zai ba da na koyo kyauta. Sharaɗinsa dai, yaron da zai hau inji sai ya fara yin hutu guda a zaure yana wanke dutse yana riƙe tocila, kuma uban yaron ne zai kawo shi da kansa.