Jijjigar masu ciki: Jini na nuna alama kafin ciwon ya bayyana

A unguwanninmu, idan mai ciki ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga, tana taune harshe, abin da ake fara cewa shi ne iska ce ta taɓa ta. Sai a nemo hayaƙi. Alhali ciwon ya daɗe yana tafe, kuma tushensa mabiya ce, wato uwar tafiya da ke ciyar da ɗan tayi.

Idan jijiyoyin mabiya ba su kafu da kyau ba, wasu sinadarai biyu kan sauya a jinin uwa. Na farko, PlGF, mai taimaka wa jijiyoyin jini su bunƙasa, sai ya ragu. Na biyun, sFlt-1, mai danne shi, sai ya yi sama. Wannan sauyi kan riga hawan jini da zubar furotin a fitsari da makonni. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa in aka raba adadin na biyu da na farko aka samu 38 ko ƙasa da haka, da wuya ƙwarai matar ta kamu cikin mako guda. Asibitocin Ingila na amfani da gwajin, Amurka ma ta amince da shi a 2023.

To, ina haɗinsa da haihuwar bakwaini? Ciwon ba ya tafiya sai an raba uwa da mabiya. In ya tsananta a wata na bakwai, dole likita ya ciro jaririn, ko da huhunsa bai gama ƙwari ba. Gwajin ne ke taimaka masa ya gane wadda zai kwantar ya sa wa ido, da wadda za ta koma gida cikinta ya ƙara kwana.

Sai dai fa gwajin na da tsada, ba a ƙananan asibitocinmu ake samunsa ba. Awo muke da shi, shi ɗin ma wasu sai ciki ya tsufa suke zuwa, wai kunyar cikin fari. Kuma mai cikin fari na cikin waɗanda ciwon ya fi kamawa. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa ƙaramin asfirin da likita ya rubuta wa masu haɗari tun wajen mako na 12 ya rage nau'in ciwon da ke jawo haihuwa kafin lokaci da kashi 62 cikin 100.

Maigida, in awo ya nuna 140 bisa 90 bayan mako na 20, ko ta ce kanta na sarawa, tana gani dishi-dishi, fuska ta kumbura, a daren za ka kai ta asibiti.